Rufe kwarmin ninƙaya karon farko a Toronto: abin da muka yi da abin da ya fashe

Yayana ya sayi gidan ne a gabashin Toronto a watan Yuni, kuma kwarmin ninƙayar da ke bayan gidan ba ya cikin abubuwan da suka ja hankalinsa. Ɗakuna yake nema, da makarantar yara a kusa, da masallacin da za a iya zuwa Asuba ba tare da an hau babban titi ba. Kwarmin ya zo ne cikin ciniki, kamar wanda ya sayi fili ya tarar da rijiya a ciki. Ni a lokacin ina karatu, ina zaune a ɗakin ƙasa na gidan, saboda haka duk aikin da zan ba da labarinsa da hannuna a ciki.

Faɗin kwarmin ƙafa 16, tsawonsa ƙafa 32. Gefe ɗaya ruwan iya ƙugu yake, ɗaya gefen kuma zurfinsa ya kai ƙafa 8. Bangayensa faifan ƙarfe ne da aka binne a ƙasa, aka shimfiɗa musu roba mai kauri shuɗiya daga ciki, ita ce ke riƙe ruwan. Yana cin kusan lita 75,000, wato jarka 3,000 irin mai lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Ruwan ba a zaune yake ba, zagayawa yake yi. Yana fita ta wurare biyu: wani baki da ke jikin bango daidai saman ruwa, wanda ke haɗiye ganye da ƙwari, mu a gida muna ce masa bakin shara, sai kuma magudana a can ƙasan wuri mai zurfi. Daga nan ya bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa zuwa famfo, daga famfo zuwa matatar yashi, daga matata zuwa hita mai aiki da gas, sannan ya dawo kwarmin ta wasu ƙananan bakuna biyu. Famfon da matatar da hitar duk a waje suke, a kan daɓen siminti kusa da katangar gida.

Wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a firiza har ta fashe ya riga ya san tushen matsalar. Ruwa idan ya daskare girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, kuma in bai sami wurin buɗawa ba sai ya fasa abin da yake ciki. A Toronto watan Janairu da na Fabrairu yawanci sanyi ƙasa da sifili yake, wasu darare ya gangara digiri 15 ko 20 ƙasa da sifilin. Ƙasar kanta daskarewa take yi, shi ya sa magina a kudancin Ontariyo ke kai harsashin gini zurfin mita 1.2 don ya wuce inda ƙanƙara ke iya kaiwa. Bututun kwarmi kuwa, musamman inda suke haurowa zuwa bakin shara da wurin injuna, ba su kai wannan zurfin ba.

Tun farkon Satumba yara suka daina shiga ruwa. Wata Asabar bayan La'asar Yaya ya fito da mesa ya ce da ni, "Kai, wannan ai ba abin wahala ba ne. Mu tsiyaye shi tas, mu wanke, mu bar shi ya bushe. In babu ruwa me ƙanƙara za ta kama?" Ni ma haka na gani. Haka muke yi wa tanki da randa a gida in za a daɗe ba a yi amfani da su ba. Allah ya taimake mu maƙwabcinmu, wani dattijon Bature mai ritaya da ya shekara fiye da 30 yana kula da nasa kwarmin, ya hango mesar ta saman shinge ya tambayi abin da muke shirin yi. Da ya ji, sai ya zagayo da kansa.

Bayaninsa ya zauna mini a rai har yau. Ruwan da ke cikin kwarmi shi ne ke tokare bangaye. Ƙasar da ke bayan faifan ƙarfen tana turowa ciki kullum, in ta jiƙe ta daskare kuma turin ya ƙaru, nauyin ruwan ne ke mayar mata da martani. A kwashe ruwan, bangaye na iya lanƙwasowa. Robar kuma in ta rasa nauyin da ke manne ta da ƙasa sai ta tsuke, ta yi tauri cikin sanyi, ta yage ranar da aka zo sake cikawa, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗaga ta ta yi kumburi. Babban ruwan ba ya daskarewa har ƙasa. Ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, a sama take yin ɓawo, ruwan da ke ƙarƙashinta kuma ya zauna a wajen digiri 4 har sanyi ya wuce. Ya nuna daɓen injunan da sandarsa ya ce abin tsoron yana can, a ɗan ruwan da ke maƙale cikin bututu da famfo da hita, inda babu wurin buɗawa.

Ya kuma hana mu gaggawa. Ma'aunin zafin da ke yawo a ruwan yana nuna digiri 21 a ranar. Gansakuka tana son ɗumi, in aka rufe ruwa mai ɗumi aka kashe famfo, sinadarin kulorin zai ƙare cikin 'yan kwanaki, ta sami makonni tana yaɗuwa a ƙarƙashin tamfol, a buɗe a watan Mayu a tarar da ruwa kore shar kamar kududdufin bayan gari. Ya ce mu jira ruwan ya sauka ƙasa da digiri 15 ya tsaya a nan. Mutanen yankin da yawa suna rufe nasu ne a hutun godiya na Kanada, wanda ke faɗowa ranar Litinin ta biyu a watan Oktoba. Mu ma muka tsayar da wannan ƙarshen makon. Tsakanin nan da can aikinmu kullum kwashe ganye ne, domin bishiyoyin unguwar sun fara zubar da shi ba ƙaƙƙautawa, kuma ganyen da ya kwana a ƙasan roba yakan bar tabo.

A nan ne Anti, matar Yaya, ta kawo shawarar a kira masu wannan sana'a su rufe. Yaya ya ce gida nasa ne, gara ya koya tun yanzu. Ni na goyi bayansa. Zan dawo kan wannan.

Gyaran ruwan bai ba mu wahala ba. Muka kai kwalba ɗaya shagon kayan kwarmi suka auna, muka daidaita ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.6, domin ruwan da ya cika tsami yana cin ƙarfe yana tattare roba, wanda ya haura kuma yana barin farin ɓawo a jikin bango. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne inda za a zubar da ruwan da za a rage. Dole a sauke shi ƙasa da bakin shara da ƙananan bakunan nan biyu, a namu kwarmin kusan santimita 45 ke nan. Na yi lissafi a takarda, ya haura lita 21,000, jarka 850 da ɗoriya. Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Duk wanda ya taso a unguwar da ake bin layin famfo tun duku-duku ba zai zubar da ruwa mai tsabta haka ransa bai sosu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ba a kuma sakin shi titi yadda aka ga dama. Magudanan ruwan sama na Toronto ba sa bi ta wurin tacewa, kai tsaye suke zubawa a rafuka irin su Don da Rouge, daga nan sai Tafkin Ontariyo, kulorin kuwa yana kashe kifi. Dokar birnin ta ce sai an kawar da kulorin kafin a saki ruwan kwarmi a magudanar titi, kwarmin da ke amfani da ruwan gishiri kuma nasa ba ya shiga nan sam, sai magudanar ƙazanta. Sai muka daina zuba kulorin har takardar gwaji ta nuna babu, muka saki wani a hankali a kan ciyawar gida, sauran a magudana. Bayan ruwan ya sauka muka toshe hanyar bakin shara, famfo ya riƙa ja ta magudanar ƙasa kaɗai, muka zuba kulorin na ruwa mai yawa ya kwana yana zagayawa. Na ruwa muka zaɓa saboda garin kulorin in ya kwanta a kan roba yakan kore launinta. Maganin gansakuka sai da ƙarfin kulorin ya ragu muka sa, in an haɗa su lokaci ɗaya kulorin ke cinye shi.

Ranar Asabar dattijon ya ba mu aron injin hura iska, ya ce na zuƙar ƙura da muke da shi ba zai iya ture ruwan da ke zurfin ƙafa 8 ba, na buga taya kuma ƙarfinsa ya yi yawa iskarsa ta yi kaɗan, yana iya fasa mahaɗar bututu. Da yamma ya tafi wurin 'yarsa a wani gari don hutun. Ranar Lahadi muka yi aikin mu biyu, waya jingine a kan matata tana nuna mana bidiyon yadda wasu ke yi.

Muka kashe wuta daga tushe. Muka cire matosai biyu na famfo, muka buɗe marufin ƙasan matatar yashi ta fara tsiyaya, muka kwance gejin da ke nuna ƙarfin ruwa muka kai ɗaki. Sannan muka haɗa injin iska. Ni ina wurin bawul-bawul, Yaya yana kwance rubda-ciki a bakin kwarmi. Ƙananan bakunan suka fara feso ruwa, can sai hazo, can sai iska zalla, shi kuma ya cusa matoshin roba yana murɗa notinsa mai fiffike har robar ta kumbura ta kama, iska na ci gaba da bugawa. Bakin shara ma haka, muka zuba masa ruwan hana daskarewa, muka ɗaura wata doguwar roba mai rami a ciki da ake kira Gizzmo, wadda in ƙanƙara ta matse ita ce za ta lotse maimakon bakin ya tsage. Magudanar ƙasa ba ta tosuwa tunda a ƙarƙashin ruwa take. Dabarar ita ce a hura har kumfa ta riƙa tasowa daga zurfi kamar tukunya na tafasa, sai a rufe bawul ɗinta da sauri injin na aiki. Iskar da aka kulle a bututun ita ke danne ruwa ya tsaya can ƙasa inda sanyi ba ya kaiwa.

Maganar ruwan hana daskarewa tana buƙatar a tsaya a kanta, don na ga galan ɗin na mota a garejin Yaya kuma na kusa ɗauka. Iri biyu ne. Na mota, mai etilin gilaikol, guba ne, yana lalata ƙoda, ga shi da ɗan zaƙi da ke jan yara da dabbobi. Na kwarmi furofilin gilaikol ne, yawanci ruwan hoda, shi ne ake zubawa a bututun da ruwansa zai koma inda mutane ke wanka. Haka nan ragowar sinadarai ba a haɗa su wuri guda. Asid in ya taɓa kulorin yana tayar da hayaƙi mai kisa, kulorin na gari da na ƙwaya ma in suka gauraya suna iya kama wuta. Muka rufe kowanne a mazubinsa, nesa da juna, a saman kanta.

Da muka zo kan hita muka rufe gas, muka duba matoshin da mai bidiyon ya kwance a gefen tasa. Tamu ba mu ga komai a wurin ba. Muka zagaya ta sau biyu. Yaya ya ce, "Ai iska ta riga ta bi ta ciki, ta kore duk abin da ke nan." Na ce haka ne, Yaya. Magariba ta gabato, hannuwanmu sun ƙage, muka wuce.

Litinin muka ciro tsani, muka shimfiɗa tamfol, muka jera dogayen jakunkunan ruwa a gefensa don su danne shi. Muka cika su dam, muna ganin nauyi shi ne amfaninsu. Abin da muka yi kwana biyu muna gudu a bututu shi muka yi da hannunmu a jakunkunan: rabi ko kashi biyu cikin uku ake cika su, don ƙanƙara ta sami wurin buɗawa.

Disamba ta wuce lafiya. A Janairu aka yi 'yan kwanaki na sassauci, aka yi ruwan sama a kan dusar ƙanƙara, sai muka ga jakunkuna huɗu sun tsage sun zube, kusurwa ɗaya ta tamfol ta zame ciki, ruwa ya taru a tsakiyarsa. Muka sayi ƙaramin famfo muna janyewa duk lokacin da ya narke. Muna ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar ɗawainiya, har ranar da abin da ya fi duk wani bututu muhimmanci ya faru.

Dokar Toronto ta wajabta shinge a kewayen kwarmi, tsayinsa aƙalla mita 1.2 a gidan iyali ɗaya, da ƙofa mai rufe kanta ta kama sakata, kuma a kulle ta in ba a amfani da wurin. Namu shingen ya cika ƙa'ida. Amma ni da nake shiga duba famfo na bar kwaɗon a buɗe, dusar ƙanƙara kuma ta taru ta daskare a gindin ƙofar, sai ta riƙa tsayawa saura kaɗan ta kama. Wata safiya a Fabrairu yara suna wasa a bayan gida. Autar Yaya, 'yar shekara uku, ta tura ƙofar ta shiga. A idonta babu kwarmi, fili ne fari shimfiɗe. Anti tana wanke-wanke ta hango ta ta taga, ƙafa ɗaya ta riga ta hau tamfol. Ta fita a guje ba takalmi ta sure ta. Tamfol irin wannan ba ya ɗaukar mutum. Yana lotsawa ya zama kwano mai santsi, ya naɗe wanda ya faɗa, ga ruwan sanyi a kai, ga ƙanƙarar da ta narke ta sake kamawa ba ta da ƙwari. Da daddare Anti ta ce, "Abban yara, ko a canza wannan murfin, ko a cike ramin nan da ƙasa. Ba zan sake shekara da shi a haka ba." Yaya bai ce uffan ba. Washegari muka fasa ƙanƙarar gindin ƙofa, muka sa sabon kwaɗo, makullin yana rataye inda yaro ba ya kaiwa, kuma ni ne na riƙa gwada ƙofar safe da yamma har sanyi ya fita.

Mutanen Ontariyo kan buɗe kwarminsu wajen hutun Biktoriya, Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu. Muka yaye tamfol, ruwan ya ɗan yi duhu amma ana ganin ƙasa, jiran da muka yi a Oktoba ya yi rana. Muka cire matosai, muka cika ruwa, muka mayar da na famfo da marufin matata, muka kunna. Geji ya hau ya tsaya inda ya saba. Babu ɗigo ko ɗaya, alamar bututun ƙarƙashin ƙasa sun tsira, su ne kuwa muka fi jin tsoro, don gyaransu sai an fasa daɓe. Yaya ya yi hamdala. Sai ya tuna ruwan da sanyi, yara ba za su iya shiga ba, ya murɗa wani bawul da ke gaban hita. Nan take ruwa ya fara kwarara daga ƙarƙashinta ya malale daɓen.

Mai gyara da ya zo bai ɗauki minti goma ba. Ya kwance faifan gefe ya nuna mana kan da bututun tagulla ke haɗuwa ya tsage, bututu biyu kuma sun kumbura. Matoshin da muka nema yana nan a ƙasan kan, bayan faifan, sai an cire sukurori ake ganinsa. Sannan ya ɗora hannu a kan bawul ɗin da Yaya ya murɗa ya tambayi yaushe aka rufe shi. Nan muka tuna. Tun farkon Satumba da yara suka daina wanka Yaya ya juya shi don ruwa ya riƙa kewaye hitar, tunda an daina kunna ta. Ranar da muke hura iska, ita ma iskar kewayewa ta yi. Ko kaɗan ba ta shiga hitar ba, ruwan da ke ciki ya zauna a kulle wata bakwai. Kuɗin gyaran ya ninka abin da masu sana'ar za su karɓa na rufewa nesa ba kusa ba.

Na sha juya lamarin a raina. Mafi yawan abin da muka yi daidai ne, kuma ba na cewa mai gida kada ya koyi rufe kwarminsa, aiki ne da mutum biyu za su iya a yini ɗaya. Amma shawarar Anti ita ce ta dace da shekarar farko. Bidiyo yana nuna maka bututun gidan wani. Kowane kwarmi da yadda mai haɗa shi ya jera nasa, kuma gidan da aka saya a hannun wani ba ya zuwa da taswira. Da mun biya ƙwararre sau ɗaya, muka tsaya a kansa muna ɗaukar hoton duk abin da ya taɓa, da mun san bawul ɗin nan da matoshin bayan faifai. Akwai kuma lokacin da muka nemi abu ba mu gani ba muka ba kanmu amsar da za ta sallame mu kafin Magariba. Littafin hitar yana intanet, lambar samfurinta na manne a jikinta, karanta shafi ɗaya ya isa. Ban duba ba.

A Satumbar da ta biyo aka sa murfin raga mai ƙarfi, wanda ake ɗaure shi da sifirin a ƙusoshin tagulla da aka dasa cikin daɓe. Ƙa'idar ASTM F1346 da ake gwada irinsa da ita ta ce sai ya ɗauki fam 485, kusan kilo 220, nauyin manya biyu da yaro, wato wanda ya faɗa da masu zuwa ceto. Yana da nasa sharuɗɗan: ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna ratsa shi, don haka ruwan kwarmi na hawa cikin hunturu sai ana lura, haske da ƙura ma suna shiga, gara a buɗe da wuri kafin ɗumi ya kama. Kwaɗon ƙofa yana nan yadda yake.

Da Oktoba ta zagayo, na bi bututun da alƙalamin fenti tun daga bakin shara har inda ruwa ke dawowa, na sa wa kowane bawul lamba da kibiya. Muka rubuta matosai da marufan da ake cirewa a takarda muka manna a bangon gareji, guda bakwai ne, duk a kwandon famfo suke kwana don kada ɗaya ya ɓace. Dattijon yana tsaye a wannan karon. Yaya ya buɗe bawul ɗin hita tun kafin a kunna injin iska, ya kwance faifan gefe, na tara bokiti a ƙarƙashi, ya murɗe matoshin. Ruwan ya zubo ya tsaya. Na juye shi a butar alwala don in ga yawansa, ya cika ta sau biyu da ɗan saura.